Na'ura Ba Ta Yi Wa Mutum Isnadi

Akwai wata cuta da ta shigo mana cikin kundayen digiri, ta kuwa biyo ta ƙofar baya ne, watau ta shafukan nan na ƙarshe inda ake jera manazarta. Duk wanda ya saba shiga laburaren sashe ya san abin da nake nufi. Ɗauki tsohon kundi na zamanin tafireta, za ka tarar manazartarsa 'yar firit ce, amma kowane littafi da aka ambata a cikinta ka ji ɗuriyarsa a jikin aikin. Ɗauki na bana kuwa, sai ka ga manazarta ta yi teɓa har tana neman rinjayar kundin, ga tsari tsaf, waƙafi yana wurinsa, aya tana wurinta, amma da za ka tare mai kundin ka tambaye shi abin da littafi na bakwai ya ƙunsa, sai ya hau susar ƙeya.

Abin da ya kawo wannan ƙiba ba ɓoyayye ba ne. Waɗansu manhajoji ne na kwamfuta waɗanda aikinsu shi ne su tattara sunayen littattafai da maƙalu, su adana su, su kuma jera su a ƙarshen rubutu bisa duk tsarin da aka umarce su. Akwai EndNote, wadda ta fito tun 1988, ita sayenta ake yi. Akwai Mendeley, wadda kamfanin ɗab'i na Elsevier ya saye a 2013. Akwai Zotero, wadda wata cibiyar tarihi ta Jami'ar George Mason a Amurka ta fitar a 2006, kyauta ga kowa. Su kuma 'yan'uwanmu na sassan lissafi da kimiyya da nazarin harshe, masu tsara shafukansu da LaTeX don su fito kamar daga maɗaba'a, suna da BibTeX, wadda Oren Patashnik ya ƙera a 1985 don ta riƙa ɗinke ambaton da ke cikin rubutu da jerin manazarta na ƙarshe.

Tun kafin a ce da ni baƙauye mai ƙin ci gaba, bari in faɗi alherinsu. Malamanmu sun san wahalar da. Ɗalibi ya rubuta sunayen littattafai a 'yan katuna, ya ɗaure da roba, ya kai wa mai tafireta, a buga, sannan a gano an tsallake suna ɗaya a harafin B, a sake shafi uku cur, a sake biyan kuɗi. Manhaja ta kashe wannan wahala. In ka ambaci littafi a babi na biyu, shi da kansa zai bayyana a ƙarshe, in ka cire shi ya fita. In mujalla ta ce ba ta son wannan tsari sai wancan, latsawa ɗaya ta isa. Wannan baiwa ce babba, wanda duk ya raina ta bai taɓa kwana yana gyaran waƙafi ba. Rigimata ita ce mun ɗauki bara mun naɗa shi maigida. Mun bar manhaja tana yanke mana abin da ya cancanci a kira madogara, da yadda za a kira sunan mutanenmu, da wanda za a ambata da wanda za a watsar.

Don kada magana ta tsaya a iska, bari mu auna ta da wuri guda, watau Birnin Gwari da dajinta. Ƙasa ce a yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, tsakanin garin da Kaduna kimanin kilomita 120. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe shi gandun daji na En'e a 1936, aka mai da shi gandun tarayya a 1999, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120. Ƙasar noma ce da kiwo da zinariya, mai tsohuwar sarauta. Amma shekara da shekaru sunanta ya zama ba a ambatonsa sai tare da 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane, har kasuwar shanunta ta daɗe a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta bayan an yi sulhu. Saboda wannan hali, ɗaliban tarihi da na siyasa da na zamantakewa da na Hausa sun yi ta ɗora alƙalami a kanta. To, a irin waɗannan rubuce-rubuce ne cutar da nake faɗi take fitowa fili, ta fuska huɗu.

Fuska ta farko ita ce ambaton abin da ba a karanta ba. Ranar 5 ga watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Gwaska. Waɗansu rahotanni suka ce mutum 45 aka kashe, waɗansu suka ce 51, daga baya waɗansu suka kai adadin sama da haka. Wannan saɓani ba abin mamaki ba ne a inda mutane suka watse cikin daji, kowa yana neman nasa. Aikin manazarci shi ne ya tsaya ya tantance: wane ne ya faɗi wannan adadi, a wace rana, daga bakin wa ya ji, 'yan sanda ne ko mutanen gari? Amma abin da manhaja ta sauƙaƙa shi ne ɗalibi ya ga adadi a maƙalar wani, ya ga sunaye huɗu a cikin baka a gabansa, ya kwashe su duka huɗun ya zuba a tasa taskar, ya manna su a nasa kundin. Mai karatu sai ya ɗauka shaidu huɗu ne suka tabbatar da magana, alhali kuwa in ka bi sawu, abu ne mai sauƙi ka tarar dukansu daga rahoton jarida guda suka sha. Shaida ɗaya ce ta sauya riga sau huɗu. Kada kuma mu manta, ba buhunan masara ake ƙidayawa ba, 'ya'yan mutane ne, kowannensu da sunansa da uwarsa.

Kada a ce sharri nake yi wa ɗalibanmu, domin cutar ta game duniya. Waɗansu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Simkin da Roychowdhury, sun buga wani bincike a 2003 inda suka bi sawun kurakuran ɗab'i, kamar na lambar shafi ko ta shekara, waɗanda marubuta ke ta maimaitawa iri ɗaya sak in sun zo ambaton wata shahararriyar maƙalar kimiyya. Daga nan suka ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu ambaton ba su karanta asalin ba, kwafa suka yi daga manazartar wani. Wannan fa tun kafin a haifi Zotero ke nan. Daɗin daɗawa, tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022 sai aka sami injin da ke iya ƙaga littafin da babu shi, da marubucinsa da shekararsa da maɗaba'arsa. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, waɗanda injin ya ƙaga musu. Manhajar manazarta ba ta tambayar ko littafi yana nan a bayan ƙasa. Abin da ka miƙa mata shi za ta yi wa kwalliya, ƙarya kuwa in ta sha ado ta fi wuyar ganewa.

Mu dai ba mu da uzuri ko kaɗan, domin ba Turawa ne suka koya mana faɗin madogara ba. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum a kan tambayar wa ya ji daga wa, suna auna kowane mutum da ke cikin silsila, ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, ko mai riƙo ne, ko mai mantuwa. A nan ƙasarmu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gabansu. Ma'anar isnadi ita ce mutum ya ce na ji da kunnena, na kuma ɗauki alhakin abin da na faɗa. Haka nan sa sunan littafi a manazarta shaida ce mutum yake bayarwa cewa na gani da idona. In ba ka gani ba, babu kunya ka ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya kawo, kowane tsari ya yarda da haka. Jikokin masu isnadi su koma masu shaidar zur don manazarta ta cika shafi goma, wannan abin kunya ne.

Fuska ta biyu ita ce ta suna da haruffa. An ƙera manhajojin nan ne a ƙasashen da mutum yake da sunan yanka da sunan dangi wanda ake gada kaka da kakanni, saboda haka gurbi biyu suka tanada. Bahaushe kuwa yana tafe da sunan yanka da sunan uba da sunan gari da laƙabi da sarauta, wani lokaci duka a haɗe. Ga misali daga maƙwabtan Birnin Gwari. Garin Kagara, wanda ke kan hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina, ya ba adabin Hausa wa da ƙane: Malam Bello Kagara mai Ganɗoki, da Alhaji Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja, dukansu biyu 'yan gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya. Manhaja za ta ajiye wan a harafin K, ƙanen a harafin I, ta ɗauki Kagara a matsayin sunan dangi, alhali gari ne, bai haifi kowa ba. Alhaji Mamman Shata Katsina zai koma "Katsina, M. S.", sunan da ko shi da kansa da an kira shi da shi ba zai waiwayo ba. Nana Asma'u ta koma "Asma'u, N.", kamar Nana ce sunan yanka. In kuwa Alhaji ko Malam ya biyo bayanan da aka kwaso daga intanet, sai ka ga shi ma ya zama harafin suna. Ban ce kowane irin wannan juyi kuskure ne ba, waɗansu an saba da su har sun zauna. Abin da nake cewa shi ne masana harshen ne ya kamata su yanke, manhaja ta bi. Hanyar kuwa tana nan: Zotero tana da zaɓin rubuta suna a gurbi guda ba tare da an raba shi ba, a BibTeX kuma sai a ƙara kewaye sunan da baka mai lanƙwasa, ta bar shi yadda yake. Mutum nawa aka koya wa wannan?

Sai haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Da kwamfuta ta shigo ba ta san da su ba, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990, inda in ka latsa q sai ƙ ta fito, x ta ba da ɗ, v ta ba da ɓ. Ya yi wa Hausa hidimar da ba za a manta ba, ya fitar da mu kunya a lokacin da babu wata hanya. Sai dai a wannan dabara ido ne kaɗai ke ganin ɗ, a cikin cikin kwamfuta x ce. Saboda haka in ka shigar da sunan Farfesa Ɗangambo ta wannan hanya, manhaja Xangambo ta sani, za ta kai shi can ƙarshen jeri bayan harafin W, wanda kuma ya nemi sunan a intanet ba zai ci karo da aikinka ba. In takardar ta je kwamfutar da babu zubin, sai ka ga "qasar Hausa" da "xalibi" sun bazu a shafi. Yau kuwa tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu matsayinsa na kansa, wayar hannu ma tana buga su. Masu LaTeX su ma su sani, tsohuwar BibTeX ta girmi Unicode, tana tuntuɓe a kan haruffan nan, sai an koma ga biblatex da biber, a kuma tsara shafi da XeLaTeX ko LuaLaTeX. Waɗansu tsare-tsarenta kuma sukan ƙanƙantar da manyan haruffan kan maƙala, Birnin Gwari ta koma "birnin gwari", in ba an killace ta ba. Haka zancen shekara. Rubutun ajami yana zuwa da shekarar hijira, wani lokaci ma a ƙunshe cikin ramzi, ɗalibi ya rasa yadda zai cusa ta a gurbin da aka yi don miladiyya, sai ya rubuta babu shekara, alhali mai rubutun ya sa shekararsa tun kafin a haifi kakan ɗalibin. Zanen aro dai ba ya rufe katara, sai an yi masa ƙari.

Fuska ta uku ita ce ta fi ci mini rai. Manhaja takan kwaso bayanin maƙala da kanta in maƙalar tana da lambar DOI, ko in littafi yana da lambar ISBN, ko in abin yana wani shafi na intanet. To, mene ne yake da irin wannan gata game da Birnin Gwari? Galibi rubuce-rubucen Ingilishi ne na 'yan shekarun nan a kan rashin tsaro, da yawansu kuma daga nesa aka rubuta su. Mene ne ba shi da shi? Fayilolin Lardin Zazzau da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, inda rahotannin Turawan mulki suke. Takardun da ke Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970. Tsofaffin kundayen digiri da ke kwance a Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya. Wasiƙun fada da rubutun ajami da ke cikin gafakar malamai. Uwa uba, abin da ke bakin mutane: dattijon Kuyello ko Randagi ko Kakangi ko Dogon Dawa da ya san yadda garinsu ya kafu, mafaraucin da ya san dajin Kamuku rafi da rafi, makiyayin da ya san inda burtali ya bi kafin a nome shi, tsohuwar da ta riƙe waƙoƙin niƙa da na daɓe. Duk waɗannan sai mutum ya tashi ya je, ya zauna ya saurara, sannan ya dawo ya shigar da su da hannunsa gurbi gurbi.

Ruwa kuwa gangare yake bi. Ɗalibin da lokaci ya ƙure wa, ga abin da ke shigowa da latsawa ɗaya, ga abin da ke bukatar kuɗin mota da kwana a hanya, kowa ya san wanda zai zaɓa. Sakamakon haka shi ne Birnin Gwari ta cikin kundayenmu kamar ranar da aka harba bindigar farko aka haife ta. Tambayoyin da za su fahimtar da mu tushen abin ba mai yin su. Da aka shata gandun daji a 1936, gonakin wa suka shiga ciki, su wa aka hana kiwo da farauta, yaya suka yi? Yaya zaman manomi da makiyayi yake a da, wa ke raba su in sun saɓa, yaushe wannan hanya ta mutu? Su wa suka fara haƙar zinariya, wa ya ci moriyarta? Amsoshin nan ba su da lambar DOI. Suna cikin fayil mai ƙura da kuma ƙirjin tsofaffi, tsofaffin nan kuwa kullum raguwa suke yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mun bar mai ɗaki a tsaye muna tambayar mai wucewa.

Abin ya ƙara muni da sassa da yawa suka ɗora wa ɗalibai tsarin APA ido rufe. Tsarin nan na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ne, ƙa'idarsa kuwa ita ce maganar da aka yi baki da baki ba ta shiga jerin manazarta, a cikin rubutu kawai ake ambatonta. Bugu na bakwai da ya fito a 2019 ya ɗan buɗe ƙofa ga ilmin baka na 'yan asalin ƙasa, amma duk da haka in ba a ɗauki maganar an adana ta inda wani zai iya samunta ba, ba ta da gurbi a jerin. Hujjarsu ba ta banza ba ce, suna so duk abin da aka jera mai karatu ya iya zuwa ya duba da kansa. Amma dubi abin da ta haifar a wurinmu. Dattijo mai shekara tamanin wanda aka gina babi guda a kan maganarsa ba shi da layi a manazarta, wani shafin intanet da ba a san ko wane ne ya rubuta shi ba yana da layi biyu. Alhali sassan Hausa da na tarihi suna da tasu kyakkyawar al'ada tun tuni, ta jera mutanen da aka yi hira da su, da shekarunsu da sana'arsu da wuri da rana. Ita kanta Zotero tana da gurbin hira, da na rubutun hannu, da na muryar da aka ɗauka. Ashe ke nan ba na'ura ce ta kori dattijon ba, mu ne muka kore shi, muka laƙa wa na'ura.

Fuska ta huɗu kishiyar ta uku ce, ita ce kuma mai iya cin rai. Baki shi ke yanka wuya. A ƙasar da aka yi shekaru ana zubar da jini, babu zargin da ya fi na kai rahoto haɗari. 'Yan bindiga suna neman wanda ya tsegunta wa jami'an tsaro, 'yan sa-kai da jami'ai suna neman wanda ya tsegunta wa 'yan bindiga. Kundayen digiri kuwa yanzu jami'o'i suna ɗora su a intanet, kowa da wayarsa. In ɗalibi ya rubuta cikakken sunan manomin da ya faɗa masa nawa ƙauyensu ya biya kafin a bar su su yi girbi, ya ƙara da sunan ƙauyen da ranar hira, to, ai kwatancen gida ya bayar. Sulhu ba ya goge abin da aka riga aka buga. Manhaja ba ta san wannan ba, gurbi ta gani tana so a cike. Haka nan in an kunna mata aika kwafi, za ta tura taskarka duka zuwa rumbun kamfani a wata ƙasa, in taskar ta haɗin gwiwa ce kuma duk abokan aiki su gani. Wanda ya ba da tarihin sarauta ko na sana'a, a rubuta sunansa ɓaro-ɓaro da izininsa, girmamawa ce. Wanda ya yi magana a kan tsaro, a sa masa laƙabi ko lamba, a ɓoye ƙauyensa, sunan gaskiya ya tsaya a takarda a hannun ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa. Rarrabe waɗannan biyu aikin hankali ne da tsoron Allah, babu manhajar da za ta yi wa mutum shi. A kuma tuna, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 an katse layukan waya a sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari. Wanda taskarsa take intanet kaɗai, ranar irin wannan ba shi da komai, don haka kowa ya riƙe kwafi a hannunsa.

Na san abin da za a ce da ni. Waɗansu za su ce ai tsarin duniya ne, in muna so mujallun waje su karɓi aikinmu dole mu bi. Wace duniya? Rumbun Zotero kaɗai yana ɗauke da tsare-tsare fiye da 10,000. Lauyoyi da nasu, likitoci da nasu, masana tarihi da nasu, kowace mujalla da irin waƙafin da take so. Ƙa'idar da ake rubuta tsare-tsaren nan da ita, wadda ake kira CSL, a buɗe take, kowa yana iya rubuta nasa ya sa a rumbun. Me zai hana sassan Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da Kaduna su zauna su fitar da namu, su haɗa kai da 'yan sashen kwamfuta su rubuta shi? Ranar da za ka aika maƙala Ingila, latsawa ɗaya ta mai da ita tsarinsu. Ai amfanin manhajar ke nan tun farko.

Waɗansu kuma daga cikin iyayenmu malamai za su ce to a hana amfani da ita mana, kowa ya koma rubutawa da hannu. Allah ya gafarta malam, wannan ma ba mafita ba ce. Kwafar manazartar wani ta girmi kwamfuta, da hannu ma an yi ta. Hasali ma manhajar tana iya zama makamin mai duba aiki, domin kowane littafi da ke cikinta yana da wurin da ake liƙa masa bayanin abin da aka karanta da lambar shafi. Malam ya ce da ɗalibi buɗe taskarka in gani. Littafin da ba shi da ko layi ɗaya na bayani a ƙarƙashinsa ya tona asirin kansa.

Abin da nake kira a yi ba mai tsada ba ne. A darasin dabarun bincike a zaunar da ɗalibai gaban kwamfuta, a ba su littafin Hausa da takardar ajami da kaset na waƙa da fayil na gidan tarihi da hira, kowa ya shigar da su da hannunsa, malam yana kallo. Sassa su amince da ƙa'ida ɗaya ta rubuta sunayen Hausawa, da ta haɗa shekarar hijira da ta miladiyya, da ta ambaton waƙar baka. A wajabta haruffan Unicode a kowane sabon kundi. Kowane sashe ya buɗe taskar murya inda ɗalibi zai ajiye hirar da ya ɗauka a ba ta lamba, mai haɗari a kulle ta sai da izini, domin da zarar hira ta sami mazauni da lamba ta zama abin da wani zai iya zuwa ya saurara, ko APA ba ta da bakin hana ta shiga manazarta. A ranar kare kundi kuma, mai jarrabawa ya rufe ido ya ɗora yatsa a kan sunaye uku, ya ce ina ka ga wannan, me ya ce, a wane shafi? Shekara ɗaya aka yi ana haka, za ku ga manazarta ta sace kamar kumburin da aka sa wa magani.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan ƙasar Birnin Gwari da ke cikinmu, nauyin ya fi hawa kanku. Ku kuka san hanya, ku kuka san wanda za a gaisar kafin a yi tambaya, ku dattawa za su saki jiki da ku. Duk lokacin da hanya ta yi kyau kuka je gida, ku zauna gaban kakanninku da na'urar ɗaukar magana, ku nemi izininsu, ku rubuta rana da wuri, ku dawo ku shigar da su cikin manhajar nan daidai da yadda kuke shigar da farfesoshin Landan. In ba ku yi ba, nan da shekara talatin ɗalibi zai nemi tarihin ƙasarku ya tarar babu komai sai ƙidayar gawa, ita ma a saɓe.

Allah ya zaunar da Birnin Gwari da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare alƙalumanmu daga shaidar abin da ba mu gani ba. Wassalam.